Sararin Nguroje: waya ta ce rana, kafin la'asar ƙanƙara ta zubo

Magini Bakano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni baƙo ne a Nguroje, nan kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, aikin gini ya kawo ni daga Kano, kuma shawarar 'yan gari nake nema. Mun gama ɗaure rodi, kafinta ya gama nasa, abin da ya rage mu zuba dekin. To amma na rasa gane kan sararin garin nan. Ranar Talata manhajar yanayi da ke wayata ta nuna rana, na tara leburori, kafin la'asar ruwa ya kece har da ƙanƙara. Allah ya taimaka ba mu kai ga kwaɓa siminti ba. Washegari ta nuna ruwa, na sallami kowa, aka wuni ko ɗigo babu. A Kano hadari daga gabas yake tasowa, kana hango shi baƙi ƙirin tun daga nesa, iska ta riga shi isowa, ka samu damar tattara kaya. Nan kuwa a kanka yake haɗuwa. Don Allah masu gari, da me kuke gane ranar ruwa?

Mai Shayi Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa Malam. A wannan wata na Mayu safiya taka ce, yamma ta ruwa ce. Duk aikin da ba ya son jiƙa, a fara shi da an sallame asuba.

Direban Serti:
Gaskiyar mai shayi. Ni kullum ina kan hanyar nan. Sai in baro Serti ina gumi, gilashi a sauke, ina fara hawan dutse daga Mayo Selbe sai in nemi rigar sanyi. Sau da yawa ana tsuga ruwa a Maisamari, ka iso Nguroje ƙasa a bushe, ka gangara Gembu ka tarar ana rana. Duk a tafiya ɗaya.

Baffa Mai Shanu:
Yarona ke rubuta min. Ɗana magini, ka riƙa duban kan tuddai, kada ka tsaya jiran gabas kaɗai. In ka tashi da asuba sama tas, raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf, rana ta fito da zafi tun hantsi, to wannan safiyar mai kyau ita ce abin tsoro. Wajen ƙarfe 10 za ka ga ƙananan gizagizai farare sun fito kan tuddai, samansu ƙullutu-ƙullutu, gindinsu a shafe. Ka sa musu ido. In har azahar ta yi suna nan a baje, ɗaya na ɓacewa wani na fitowa, ba su yi tsawo ba, yawanci ranar za ta wuce lafiya. In kuwa kafin rana ta take ka ga suna hawan juna suna miƙewa sama, gindinsu ya fara duhu, to tsakanin azahar da la'asar akwai magana. Daga nan in ka ji zafi ya yanke farat ɗaya, iska mai sanyi ta buso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada ka ƙara duban sama, ruwa ya iso. Ni a lokacin nake kora shanu daga kan tudu.

Larabar da ka sallami mutanenka, ai ta wayi gari a lumshe, sama toka-toka, don an kwana ana yayyafi. Irin wannan ranar ƙasa ba ta yin zafi, hadari ba ya samun abin da zai tashi da shi. Da ka tambaye mu da mun ce ka yi aikinka.

Magini Bakano:
Allah ya ƙara girma Baffa. Wallahi haka Talatar ta kasance, da safe ko ƙyallin girgije babu.

Malamin Jogirafi:
Abin da Baffa ya faɗa shi muke koyarwa a aji, sai dai shi a fili ya karanta shi. Bari in ƙara dalilin.

Tsaunin Mambila tsayinsa a matsakaici ya kai mita 1,600 daga doron teku, kuma Chappal Waddi da ke kan iyakarmu da Kamaru, mai mita 2,419, babu wurin da ya fi shi tsayi a Najeriya. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin Serti da nan akwai hawan da ya haura mita 1,000, shi ne rigar sanyin direba.

Da damina iskar da ke ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Atilantika, ɗauke da danshi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ta samu abin da zai ɗaga ta sannan ta yi hadari. Mu nan dutse ne ke ɗaga ta, dole ta hau. Tana hawa tana sanyi, danshin ya dunƙule ya zama girgije. Ga kuma rana da ke gasa gangaren tuddai da safe, iska mai ɗumi ta taso daga kwari tana bin gangaren zuwa sama. Shi ya sa gizagizan farko a kan tuddai suke fitowa. Malam magini, a Kano kai mai karɓar hadari ne da aka haɗa a wani wuri. Nan ka zo inda ake haɗa shi. Masana sun daɗe da lura cewa manyan haduran da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, da yawansu a kan tsaunuka suke farawa: tsaunukan Kamaru da Adamawa, tsaunin Jos, Ayar a Nijar, Darfur a Sudan. Iskar da ke can sama ce take tura su yamma, shi ya sa ka saba ganinsu daga gabas.

Gizagizai kuwa an kasa su gida 10, kuma wani Bature ɗan Ingila, Luke Howard, shi ya fara tsara sunayensu a 1803. Waɗanda suka shafe mu a nan ba su da yawa. Fararen nan masu shafaffen gindi su ne kumulus. Idan suka girma suka zama hadari mai tsawa su ne kumulonimbus, wanda a ƙasashenmu masu zafi kansa kan kai kilomita 15 ko fiye. Za ka gane ya cika idan kansa ya baje gefe guda kamar uwar maƙera. Sai sitiratus, mai toka-toka da ke shimfiɗa ƙasa-ƙasa ya rufe tuddai, ba ya wuce yayyafi. Sai nimbositiratus mai kauri, mai ruwan da ake wuni ana yi ba tsawa. Sirus kuma su ne siraran nan masu zare-zare can ƙololuwa, ƙanƙara ce zalla, ba sa zubo da komai.

Injiniya 'Yar Jalingo:
Na ji daɗin bayanin Baffa da na Malam, amma ban yarda a ce a ajiye waya ba. Ba a fahimci aikinta ba ne. Hasashen da ke cikin waya daga manyan kwamfutoci yake fitowa, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13 ko fiye. Duk abin da ke cikin gida ɗaya, tudu da kwari, lamba ɗaya ake ba shi. Hadarin yamma kuwa wani lokaci faɗinsa bai kai kilomita 10 ba. Ta yaya za ta ce maka zai sauka a Nguroje ne ko a Kakara? Kuma in ta rubuta kashi 40 cikin 100, ba ta ce ba za a yi ruwa ba. Cewa ta yi a irin wannan yanayi, sau 4 cikin 10 ruwa kan taɓa wurin. Mutane hoton rana ko na girgije kawai suke kallo su rufe.

Inda take da amfani shi ne babban abu: makon nan mai jiƙa ne ko an samu sarari, damina ta kusa ko da saura. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ma kowace shekara tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin faɗuwarta da na ɗaukewarta jiha-jiha. Wannan ba abin da ido zai nuna maka ba ne.

Mai Shayi Bakin Kasuwa:
Hajiya, abin da ba zai gaya min in shigar da benci ko in bar shi a waje ba, me zan yi da shi?

Injiniya 'Yar Jalingo:
Benci kam ka tambayi Baffa. Amma ka tambaye shi yau ko jibi da gata za a yi ruwa, ka ji me zai ce.

Baffa Mai Shanu:
'Yata ta yi gaskiya. Ni na yau nake gani, shi ma daga hantsi zuwa magariba. Wanda yake zuwa cikin dare daga wajen Kamaru, sai dai in ga walƙiya can nesa bayan isha, in ce wataƙila. Hadari ba ruwa ba ne, alama ce.

Ɗalibin Ilimi:
Jama'a a yi hattara da harshe. Saukar da ruwa na cikin abubuwa biyar da Allah ya keɓe wa kansa saninsu a ƙarshen Suratu Luƙman. Ni duk wannan na "za a yi ruwa ƙarfe kaza" ba ya kwanta min.

Na'ibin Unguwa:
Allah ya saka da alheri, tunatarwa ce mai kyau. Amma ƙanena, duba aya ta 43 a Suratun Nur. Allah da kansa ya kira mu mu duba yadda yake kora girgije, ya haɗa shi, ya tara shi wani kan wani, sannan ruwa ya fito daga tsakaninsa, har da ambaton ƙanƙara da hasken walƙiya. Wanda ya duba ya ce alama ta nuna ruwa in Allah ya so, bai yi da'awar gaibu ba. Abin da aka hana shi ne na hadisin Hudaibiyya, a ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Ba wanda ya faɗi haka a nan. Baffa ma da bakinsa ya ce alama ce.

Ɗalibin Ilimi:
Na gamsu Malam, matuƙar ana haɗawa da in sha Allah.

Ɗan Mambila a Abuja:
Mu ma Kiristoci a wajenmu akwai makamancinsa a Linjilar Luka sura 12, inda aka ce wa taro in sun ga girgije ya taso daga yamma sukan ce za a yi ruwa, kuma a yi. Tun ina yaro a Gembu nake mamakin yamman nan.

Malamin Jogirafi:
Su mutanen da aka faɗa wa haka, teku a yammacinsu take, Bahar Rum, daga can ruwansu ke zuwa. Kowace ƙasa da inda take duba.

Ɗan Kakara:
Ni ƙanƙarar ce damuwata. Ina aiki a gonar shayi, kuma abin da ake tsinka shi ne tohon da ke can sama, ganye biyu da ɗan tsiro. Su ne kuma ƙanƙara ke fara samu. Ta Talatar nan ta taɓa mu. Bayan ta wuce na shiga layi, sai ka ga ganye a yayyage, wani ya huje, wani ya karye yana reto, ƙasa ta yi kore da guntaye. Bayan kwana biyu bakin raunin ya yi baƙi. Sai an jira sabon toho. Masu masara ma ganye ya tsattsage tsaye-tsaye. Malam, me ya sa mu take addaba? Ɗan'uwana a Bali ya ce shi ba kasafai yake ganinta ba.

Malamin Jogirafi:
A cikin babban hadari akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama. Takan ɗauki ɗigon ruwa ta kai shi inda sanyi ya wuce na daskarewa, wanda a yankinmu yake farawa wajen mita 4,500 zuwa 5,000 daga doron teku. Can ƙwayar ke daskarewa, tana cin karo da wasu ɗigogin suna manne mata tana ƙara girma, har ta fi ƙarfin iskar ta faɗo. In ka fasa babba da wuƙa za ka ga zobe-zobe a ciki, wani fari wani garai-garai. To hadarin Bali ma yana yin ƙanƙara a sama. Bambancin shi ne tasu tana da doguwar tafiya cikin iska mai zafi, sai ta narke a hanya ta iso a matsayin manyan ɗigogi masu sanyi. Mu mun riga mun tare ta a sama, tafiyar gajeriya ce, iskar kuma ba zafi. Jos ma haka suke fama. Ta fi yawa a farkon damina, lokacin da rana ke da ƙarfi kuma hadari ke tashi da fushi. Da an shiga marka sai ta yi sauƙi.

Goggon Yara:
Ku duk hadarin Mayu kuke ta magana. Shi ai mai mutunci ne, ya zo ya yi sa'a ɗaya ya tafi, rana ta fito ka shanya kaya. Malam magini, in aikinka ya kai Yuli da Agusta za ka ga abin da ake kira ruwa. Ba tsawa, ba iska. Ka tashi hazo ya rufe gari fari fat, ba ka ganin katangar maƙwabcinka. Ya ɗan yaye, yayyafi ya karɓa. Ya tsaya, hazon ya dawo. Wanki ya yi kwanaki a igiya yana warin danshi, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Yara tari da mura ba sa yankewa.

Kuma a cikin wannan ruwan masararmu take nuna. Ba mu da ranar da za mu baza ta a tabarma irin ta mutanen Katsina. Sama da murhu muke jera ta, hayaƙin girki ya busar da ita a hankali. Wadda ta yi gaggawa ta zuba a buhu da sauran danshi, bayan 'yan makonni ta buɗe ta tarar ƙwayar ta yi kore-kore. Irin wannan ko kaji ba na ba wa.

Injiniya 'Yar Jalingo:
Goggo kin yi daidai da kika hana kaji. Fumfunar masara na iya ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Malam magini, ga shawarata kan dekin. A kwana da komai a wurin: yashi, tsakuwa, ruwa, siminti a rufe bisa katako. A fara kwaɓi da gari ya waye, a ƙara hannu ko da kuɗin lebura zai ƙaru, a gama kafin azahar. A tanadi leda mai faɗi ko tamfol da abin dannewa tun kafin a fara, ba sai hadari ya haɗo a shiga nema ba. Sa'o'in farko ne masu hatsari, ruwa mai ƙarfi zai wanke simintin saman ya bar maka yashi da tsakuwa. Kuma ka sani a sanyin nan kankare ba ya kamawa da wuri irin na Kano, don haka kada ka yi saurin cire katakon ƙasa. Amma da ya kwana ya kama, danshin garin nan alheri ne gare shi, ba ka da wahalar ban ruwa.

Baffa Mai Shanu:
A ƙara da wannan. In an fara cida a sauko da yara daga saman gini. Mutum a tsaye kan rodi, a kan tudu, ba abin da ya fi shi tsayi. Na ga abin da aradu ta yi wa shanun da suka fake a gindin itatuwan turare, ba na son in sake gani. Kada kowa ya fake a gindin bishiya.

Malamin Jogirafi:
Akwai lissafi mai sauƙi. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawar. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita 10, a shiga ɗaki ko mota. A kuma jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma sama.

Ɗan Mambila a Abuja:
Ni duk zuwan da na yi gida sai in ji kamar sanyin ya ragu. Da can a Disamba da Janairu wanka da safe sai an dafa ruwa ya tafasa. Ko ni ne na saba da wani wuri?

Baffa Mai Shanu:
Ba kai kaɗai ba ne. Muna samari, in hunturu ya kama, a kwari kusa da rafi mukan tarar ciyawa ta yi fari da asuba, in ka taka tana ƙaras-ƙaras. Yanzu na daɗe ban gani ba. Ruwan farko ma da a Maris mun san inda muke. Yanzu ya zo ya yaudari mai shuka, ya ɗauke, tsiro ya ƙone.

Mai Shayi Bakin Kasuwa:
Ni kam ban ga ragin sanyi ba Baffa. Janairun da ya wuce kafin ƙarfe 7 na ƙarar da tukunyar farko.

Malamin Jogirafi:
Ga inda nake jin ciwo. Baffa na iya yin gaskiya, duniya gaba ɗaya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 daga ƙarshen ƙarni na 19, ba dalilin da zai sa a tsallake mu. Mai shayi ma abin da ya gani ya faɗa. Amma ba mu da littafin da za mu buɗe mu raba gardamar. Ana cewa tsaunin nan na samun ruwa wajen milimita 1,800 a shekara, kusan ninki uku na Sakkwato, amma nawa ne na Nguroje, nawa ne na Gembu da ke gangare kusa da kogin Donga, nawa ne na Maisamari da ke bakin dutse? Direba ya riga ya shaida mana ba ɗaya ba ne. Mu da muke zaune a wurin mu ya kamata mu riƙa aunawa.

Ba ya buƙatar kuɗi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, da rula. A kafa shi a fili, nesa da indararo da bishiya, a ɗaure shi jikin turke don iska da awaki, bakinsa ya ɗan ɗara turken. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta milimita, a rubuta, a zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 ta zuba a kan kowace murabba'in mita. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin. A gefe a rubuta ko an yi ƙanƙara, ko hazo, da lokacin da ruwan ya fara. Ni zan sa ɗalibaina su riƙe na makaranta, in kuma riƙa tattara na kowa a littafi ɗaya.

Ɗan Kakara:
Na ɗauki na Kakara.

Goggon Yara:
Babbar 'yata za ta yi na unguwarmu, tana son lissafi. Malam, gwangwanin madara babba zai yi?

Malamin Jogirafi:
Zai yi Goggo, a dai yanke murfin gaba ɗaya kada a bar leɓe a ciki. A duba rular kuma, wasu sifirinsu ba daga baki yake farawa ba, sai a yanke ragowar. Ƙarfe 7 na safe za mu riƙa karantawa.

Magini Bakano:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. A sa ni a lissafi, akwai fili a wurin aikinmu.

Direban Serti:
Tunda za a riƙa turo rahoto, ina da roƙo. Wanda ke Maisamari ya taimaka ya riƙa faɗin halin hazo a bakin dutse kafin ƙarfe 6, ba sai 7 ba. In ya sauka a kwane-kwanen hanyar nan ko fitila ba ta ratsa shi, ga kwalta a jiƙe, ga manyan motoci na hawowa. Mu masu sammako in mun sani sai mu dakata a tasha har ya yaye. Akwai ɗan Maisamari a zauren nan?